Hazon Taitan a Cikin Kwalba

Wata tara na yi ina kiwon datti a cikin kwalba, kuma a lokacin ba ni da wata kadara da ta fi shi.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Maiyama. Shekara bakwai ina jan digiri na biyu a jami'ar Aliero, har aka rubuto mini cewa bana ce ta ƙarshe: ko in kawo sakamako, ko a share sunana. Aikina a kan Taitan ne, wani wata da ke kewaya duniyar Zuhal. Iskarsa naitirojin ce da ɗan mitan, wata iskar gas mai kamawa da wuta. Can ƙololuwar samansa hasken rana yana farfasa iskokin nan, gutsattsarin su riƙa manne wa juna, ƙanana su zama manya, har su yi nauyi su sauko, su zama wani hazo ruwan goro da ya lulluɓe watan gaba ɗaya. Idan ɗalibaina suka yi mini zuru, nakan ce su tuna kunkunniyar rufin madafa. Hayaƙin yini ɗaya ba ya nuna komai, sai an daɗe.

Wannan hazo na so in haɗa a ɗakina. Mitan daga kashin shanun mahautar Jega na tara na tace, naitirojin na aro tukunya guda, wuta kuma daga sola. Kullum sai tartsatsin lantarki ya yi awa huɗu yana tsartuwa a cikin wata kwalbar gilashi mai dogon wuya. Wata biyu ban ga komai ba, har matata Iklima ta fara tambaya ko aljanun ciki sun ƙi fitowa ne. A na uku gilashin ya dushe. Zuwa na tara ya yi ja, da danƙo, kamar gindin kofin shayin da aka manta. Farfesana ya ga hoton a waya ya ce in kawo ranar Litinin, domin Talata zai tafi inda ake da injin auna shi, kuma ba zai dawo ba sai bayan wa'adina ya cika.

A makon ne Iklima ta haihu, suna ya faɗo ranar Lahadi. Baƙi za su kwana a ɗakina, don haka ranar Juma'a na cire kwalbar, na toshe bakinta, na ɗora ta a kan kabad. Da yamma mahaifiyata, Inna, ta iso daga Alelu.

Ni ne ɗan farinta. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana Kalilu a bakinta ba, "wancan" take ce mini. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa, in ba kowa ta gaya wa randa. Ni ma haka na tashi, ban iya tsayawa gabanta in jera kalma uku ba. Saboda haka sai na gaya wa Iklima kada kowa ya taɓa kwalbar. Ta ce za ta faɗa, amma mai jego tsakanin ruwan zafi da jariri da 'yan barka ko sunanta ba ta riƙe ba. Sau biyu na wuce Inna a tsakar gida da maganar a bakina. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon katanga, ni kuma na haɗiye.

Asabar da safe na tafi Jega sayen rago. Bayan azahar na dawo ina jan sa, na tarar da tsakar gida fes. An shimfiɗa tabarma a rana, an kife tukwane da kwanoni da kofuna a jere. A ƙarshen layin ga kwalbata, tas, tana ƙyalli kamar ranar da na saye ta.

Igiyar ragon ta suɓuce daga hannuna.

Inna na zaune a kan kujera 'yar tsugunno. Ta juya wajen labulen Iklima ta ce, "Ke ɗiyar ga, hwaɗa ma wancan kwalbatai ta bushe. Gobe mutane na zakkuwa, su ga abin ga su ce ba mace gidan. Da ƙyat ta hita. Sai da nis sa tsakuwa da toka, nik kaɗa har ruwa ukku."

Na je makwarara na tsuguna. Ruwan toka ne ya bi ƙasa ya tsotse, kaji sun bi ta kai. Na sa yatsa na tono, ban san me nake nema ba. Bayan labule na ji Iklima tana kuka ƙasa-ƙasa. Ban ji fushi ba, da ma fushin na ji. Abin da na ji shi ne shekara bakwai sun fita daga jikina, kuma na san ba ni da ƙarfin da zan sake farawa, ko da an ba ni dama, balle ba za a ba ni ba.

Da na miƙe sai idona ya sauka kan hannayenta. Toka ta ci yatsun, ɗaya ya tsage yana jini. Da ciwon gaɓɓanta ta yini tana kaɗa kwalbar nan. Tun ina yaro ba ta taɓa samun hanyar ce mini komai ba sai ta aiki, yau kuma ta yi mai yawa. Tana kallon randa, amma na san ni take jira.

Ni ma na dubi randar.

"A hwaɗa mata an gode," na ce. "Ta hita sarai."

Inna ta ɗan murmusa, ta goge hannu da gefen zane.

"In akwai wata," ta ce wa randar, "a kawo tun tokar ba ta ƙare ba."