Kujerar Da Ba Ta Zama Wuri Ɗaya

"Zauna mana," in ji Kafinta. "Ko sai na aiko maka da katin gayyata?"

Tela, maƙwabcinsa na shago, ya zagaya kujerar sau biyu yana shafa tumbi. Shekara talatin suna bango ɗaya, kuma duk kujerar da aka gama a shagon nan shi ake fara ɗorawa a kai, don abin da ya ɗauki Tela zai ɗauki kowa.

"Wannan ai ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba."

"Haka ake yin ta. Ta lilo ce, jahili."

Autar Kafinta ce ta jawo aikin. Wata biyu da haihuwarta, yaro ya zo da maƙogwaro na Allah ya isa, ba ya shiru sai ana zarya da shi, har bayan uwar ya ƙage. Mijinta ya ce zai sayo mata kujerar lilo ta roba a kanti. Ta roba, a ɗakin 'yar kafinta! Ranar da maganar ta iso kunnen tsohon ko abinci bai ci ba. Ya ce a ba shi mako guda. Yau makon ya cika, kuma Auta da mijinta suna hanya.

To, lanƙwasassun katakan nan biyu da kujerar ke hawa, duk mai hankali haɗa su yake yi ya goge tare don su fito daidai. Kafinta kuwa bai taɓa yarda akwai ma'aunin da ya fi idonsa ba. Ɗai-ɗai ya yanka su.

Tela ya yi bismilla ya zauna. Ya yi baya, ya dawo gaba. Ya sake. Fuskarsa ta washe, ya lumshe ido.

"Kai, tsoho, ashe ka iya wani abu."

Kafinta ya juya yana karkaɗe garin katako daga hularsa, don kada a ga murmushinsa. Da ya waiwayo, sai ya ga Tela a bakin ƙofa.

"Ina za ka?"

"Ni? A zaune nake."

"Ɗazu ba a jikin bango na ajiye ka ba?"

Tela ya buɗe ido ya ga titi. "Daɓen shagonka ne a karkace."

Suka juya kujerar ta fuskanci ciki. Duk lilo ɗaya sai ta gusa hagu kaɗan, kamar kaguwa, har ta kai Tela gindin tulin katako.

"Kai ne a karkace," in ji Kafinta. "Ɓarin jikinka ɗaya ya fi ɗaya nauyi."

"To hau da kanka, mu ga mai daidai."

Ya hau. Shi ma ta tafi da shi. Ya sauka, ya kifa ta, ya miƙa zare a kan katakan biyu. Na hagu ya fi lanƙwasa da faɗin yatsa. Gyaran wuni guda ne cur.

Yana cikin wannan ya ji kukan jikansa tun daga bakin titi. Ya yi maza ya tayar da kujerar.

Surukin ya durƙusa ya gaishe shi. Auta kuwa, idanunta sun yi ja don rashin barci, ko gaisuwar ba ta ƙarasa ba.

"Baba, ita ce wannan?"

"Tsaya, saura ɗan..."

Ina! Ta riga ta zauna da yaron a ƙirjinta. Kujera ta kama hanya. Yaron ya tsala ihu sau biyu, sannan ya ji ana tafiya da shi kamar yadda ya saba. Ya bi zartunan da ke rataye a bango da kallo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ya yi hamma, ya saki jiki. Shagon ya yi tsit.

Surukin ya matso, ya rage murya. "Baba, kamar fa tana... tafiya?"

Kafinta ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ta robar da ka gani a kanti, tana tafiya?"

"A'a, Baba."

"To."

Tela ya cusa baki cikin hannun rigarsa yana wani irin tari.

"Baba," Auta ta yi raɗa daga bakin ƙofa, ba ta daina lilon ba. "Na kusa fita titi."

Kafinta ya cire takalmansa don kada su yi ƙara, ya yafito Tela da hannu.

"Kama can, mu mayar da su jikin bango. A hankali. In ka tashe shi, kai za ka goya."