Layar da ke Goshin Baba Gado

"Mama, wai gaskiya ne Baba Gado wuta za shi?"

Farida ce ta yi mini tambayar, da muryarta ta 'yar shekara biyar wadda ba ta san a rage ba, a tsakiyar gidan makoki, mata cike da tabarmi. Ina durƙushe ina raba kunu a kofuna. Na ji ludayin ya yi mini nauyi. Har tsohuwar da ke jan tasbaha a bakin rumbu ta tsaya.

"Wa ya gaya miki haka?" na ce, ina jawo ta jikina.

"A bakin rijiya aka ce. Wai ya mutu da laya a goshi, kuma layar tana da jan ido."

Na ɗaga kai na dubi ƙofar ɗaki. Inna Batulu, matar mamacin, tana zaune daga ciki, lulluɓe, ta fara takaba tun jiya da aka kai shi. Ba ta motsa ba. Amma na ga hannunta ya damƙe gefen tabarma, na san ta ji.

Baba Gado maƙwabcinmu ne a Gidan Sori, danga ɗaya ta raba mu. Maharbi ne na kwari da baka, irin waɗanda suka kusa ƙarewa. Naman daji ya ƙare kafin su, sai fakara da zomo, amma bai daina fita ba. Jiya da safe ya fita kamar kullum. Da la'asar ƙanensa Chindo, yana dawowa daga gonar wake da amalanke, ya tsince shi kwance ƙarƙashin tsamiya, jiki ya yi sanyi. Ba rauni, ba jini. An yi masa sutura kafin magariba. To amma maharbi ne, kuma ƙarƙashin tsamiya, shi kaɗai, ba wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ga kuma abin da Chindo ya kwance daga goshinsa. Kafin gari ya waye magana ta zagaye rijiyoyi.

Na miƙa wa wata ludayin, na shiga ɗakin na durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri, ƙuruciya ce."

"Ɗiyar ba ta yi laifi ba, Salima. Abin da manya ke hwaɗi a ɓoye shi ta hwaɗi a fili." Muryarta ta dushe. "Ya yi mini alkawari ya bar abubuwan nan. Tun shekarar da ya yi jinya ya kwance guru da kambu ya jefa a tsohuwar jaka, ya ce shi da su har abada. Ashe da saura. Ni ba mutuwar ke ci na ba, kowa zai tahi. Mi ya cika da shi? Shi kaɗai nake son sani."

"Inna, layar nan, yaya aka ce take?"

"Baƙa, wai, da ɗinkin jar fata. Da igiya mai miƙewa. Chindo ya ce da ya taɓa ta, ido ya buɗe ya dube shi."

Ni kuwa na san layar nan.

Ɗansu Mas'ud, da ke tuƙin mota a Agadas, shi ya kawo wa tsohon wata 'yar kyamara da sallar bara, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, irin wadda ake ɗaurawa a goshi ta ɗauki duk abin da mutum ke kallo. Abokansa ne ba su yarda ubansa na iya tsinke fakara tana tashi ba, shi ne ya ce sai ya nuna musu. Tsohon yana kiranta 'yar sa-ido. Kunyar a gan shi da kayan samari yake ji, sai ya yi nisa da gari yake ɗaura ta. Mu ke da faifan sola a unguwar, ni kuma na yi lakol, wato boko, har na iya salula, wayar hannu, don haka a wurina take kwana tana shan wuta, ni ke tura wa Mas'ud abin da ta ɗauko. Rabinsa ƙafafu ne da yashi da sararin sama, sai tsaki idan kibiya ta kuskure. Tsohon yakan miƙo ta ta saman danga ya ce da Farida, "Amarya, karɓi kishiyarki ki kai ta ta ci abinci." Ita kuma ta ce ba ta auren tsoho mai warin daji.

A makon da ya wuce ya ce mini ƙaya na karce ta, zai kai wa baduku ranar kasuwa ya yi mata riga. Ya dawo da ita an ɗinke ta tsaf cikin jar fata, an bar ƙofa ɗaya wajen idon. Har na yi masa dariya na ce, "Baba, ai wannan ta zama laya." Ya ce, "To ko ta fi kama nama."

"Ina take yanzu?" na tambayi Inna Batulu.

"Chindo ya haɗa ta da jakar can, zai ƙone bayan gida."

Ban tsaya neman takalmi ba. Na ja hijabi na bi ta ƙofar baya. A bayan garken awaki na tarar da Baba Chindo da maza uku, sun tara karan dawa, wuta ta fara ci. Guru da kambu suna ciki suna hayaƙi mai ƙauri. Kyamarar kuwa tana ƙasa a gefe, Baba Chindo yana tura ta da sanda, ba ya son taɓawa da hannu.

Ban taɓa tsoma baki cikin sha'anin maza a garin nan ba, ni da aure ya kawo. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, don Allah a dakata da waccan."

"Ke matar Hamisu, mi ya kawo ki nan? Koma cikin mata."

"Ba laya ba ce, Baba. Kyamara ce. Ni ke sa mata wuta."

"Kyamara da ɗinkin baduku? Ni na ga idonta da idona, ja, yana ƙiftawa."

"Haka take yi in wutarta ta kusa ƙarewa."

Ɗaya daga cikin mazan ya yi 'yar dariya, ya haɗiye. Baba Chindo bai yi ba. Idanunsa sun kumbura, da gani bai runtsa ba. Shi ma nauyin abin ke kansa, yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sai ya turo kyamarar gabana da sandar.

"In ta cije ki, ke kika so."

Na kai Farida gidan surukata na ce kada a bar ta fita. Na sa reza na farke ɗinkin, na zaro ɗan katin da ke ciki na sa a salulata. A nan ne tsoro ya kama ni. Idan tana kunne lokacin da abin ya zo, to mutuwar mutum ce a tafin hannuna. Idan kuma abin da ke ciki ba shi ne Inna Batulu ke fata ba, ni zan kai mata shi, ba kuma mai iya kwashe shi daga idonta. Na yi niyyar in fara kallo ni kaɗai. Sai na ga ba ni da wannan hurumin, mijinta ne.

Na koma ɗakin na saki labule. Na gaya mata komai, har da cewa ban san abin da za mu gani ba.

"Kira Chindo," ta ce. "Shi ya gani da farko, ya zo ya ga ƙarshe."

Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa. Na riƙe salular a tsakiya, na kunna.

Daji ne kore shar, ƙarshen damina, ciyawa har gwiwa, hantsi ya ɗaga. Muna tafiya da idon Baba Gado. Duk taku hoton ya ɗan girgiza, kan baka yana leƙowa daga gefe. Amma sauti babu, sai wani gunji can ƙasa-ƙasa kamar ana magana cikin tulu. Na ƙara murya har ƙarshe, bai canza ba. Sai na gane: baduku ya bar wa ido ƙofa, ya rufe kunnen. Fatar ta toshe inda take jin magana.

"Ba a jin shi?" Inna Batulu ta ce.

"Ba a ji, Inna."

Ta sunkuyar da kai. Abin da take nema magana ce, ga shi kuwa an ɗinke ta.

Ana cikin haka tafiyar ta tsaya cak. Hoton ya yi ƙasa a hankali, ya tsuguna ke nan. Tsakanin kalgo biyu, ga barewa tsaye. Na ji Baba Chindo ya ja numfashi. Ni ban taɓa ganin barewa ba sai a littafin lakol. Ja ce mai haske, cikinta fari fat, kunnuwa a miƙe, tana duban mu ido cikin ido.

"Rabon dajin nan da ita tun ina saurayi," Baba Chindo ya ce a hankali.

Hannun Baba Gado ya shigo, baƙi, jijiyoyi a tashe. Kibiya ta hau tsirkiya. Ya ja har muka ga kan kibiyar ya daidaita da ƙirjinta, ko rawa ba ya yi. Sai ciyawa ta motsa a bayanta, ɗanta ya fito, ƙafafu kamar tsinke, ya cusa kai ƙarƙashin cikinta yana tsotso. Kibiyar ta tsaya a wurin, ta daɗe. Sannan ta yi ƙasa, tsirkiya ta saki a hankali. Hoton ya shiga girgiza ƙanana-ƙanana, gunjin nan yana fita guntu-guntu.

"Dariya yake," Inna Batulu ta ce. "Haka kafaɗunsa ke yi."

Baba Gado ya zauna yana kallonsu har suka juya suka shige daji. Ya miƙe, ya yi 'yan taku, sai hoton ya tangaɗa. Hannu ya zo ya dafe ƙirji. Baka ya faɗi cikin ciyawa. Na kai yatsa zan tsayar, Inna Batulu ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi."

Da rarrafe ya kai inuwar tsamiyar, ita ce itacen da ya fi kusa. Muka ga sama, muka ga rassa. Sai hoton ya fara juyawa, da ƙyar, yana tsayawa yana ci gaba, har duniya ta kwanta a gefe ɗaya. Hasken rana ya shigo ta ƙasan rassan ya bugi idon kyamarar.

"Wannan ranar hantsi ce," Baba Chindo ya ce. "Gabas ya juya. Kan damansa ya kwanta."

Gunjin yana nan, yana tashi yana sauka, ba kalma ɗaya da za ka tsinta. Inna Batulu ta manna kunnenta da salular, ta ɗago, ta girgiza kai. Ba abin da ke cikin hoton sai yashi, da 'yan ganyen tsamiya, da hannunsa na dama kwance a gaban fuskarsa.

Sai yatsun suka fara naɗewa, ɗaya bayan ɗaya. Manuniya ta rage. Ta ɗago daga yashin, tana karkarwa, ta miƙe kamar yadda ake yi a zaman tahiya. Ta tsaya a haka. Gunjin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Yatsan bai sauka nan da nan ba. Da ya tashi sauka, a hankali ya kwanta, kamar an riƙe shi an ajiye.

Hoton ya ci gaba, iska tana kaɗa ciyawa, wata tururuwa ta hau bayan hannun ta sauka ta wancan gefen. Ni da nake tsoron gawa tun ina yarinya, na kasa ɗauke ido.

"Alhamdu lillahi," Inna Batulu ta ce. Sai a lokacin ta yi kuka, irin mai sauƙi, wanda ke fita ba tare da ya shaƙe mutum ba.

Baba Chindo ya share fuska da hannun riga ya miƙe. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ni na ce laya ce. Ni zan je in hwaɗi abin da na gani." Ya nufi zaure inda liman da maza ke zaune.

Kafin azahar magana ta sake zagaye rijiyoyi. Da yamma na zaunar da Farida na gaya mata Baba Gado ya cika da kalmar shahada, mu yi masa fatan aljanna. Ta ce to a can wa zai riƙa kiranta amarya. Na ce ta ci tuwonta.

Katin yana wurin Inna Batulu, ƙulle a bakin zanenta, tana jiran Mas'ud ya iso daga Agadas. Na goge komai daga salulata a gabanta. Amma tun daga ranar ba a bar ni na huta ba. Samari na tare Hamisu a kasuwa, mata na aiko yara, har daga garin Sae Sabuwa wani ya zo a kan moto, wato babur, wai a tura masa bidiyon barewa da na yatsa, zai sa duniya ta gani. Don haka ke mai karanta wannan, ko kai, in hanya ta kawo ku gaisuwa Gidan Sori, ku shiga ku yi addu'a ku sha ruwa. Kada wanda ya zaro salula a ɗakin nan, kada kuma wanda ya ce wa tsohuwar nan ta kwance bakin zanenta. Ina zaune a bakin ƙofa da tsintsiyata, kuma na daina jin kunyar manya.