Tsohon Awon Auta

Hannun rigar bai kai wuyan hannun Auta ba. Ya tsaya can kusa da gwiwar hannu, kafaɗar kuma ta matse ta har ba ta iya sauke hannuwanta sosai. Tana tsaye a tsakiyar ɗaki ta ƙi motsi don kada ɗinkin ya farke, mahaifinta Tela kuwa yana bakin ƙofa da makullin shago a hannu, ƙafa ɗaya a waje.

Safiyar Asabar ce, ƙarfe takwas saura. Ƙarfe goma Auta za ta hau dandamali a makarantarsu ta karanta jawabin ɗalibai a gaban iyaye, kuma tun wata guda abu ɗaya ta roƙa: rigar da babanta ya ɗinka da hannunsa. Ya ɗinka kuwa, jiya, tsakanin wandon wani da rigar wani. Sai dai bai auna ta ba. Ina ya ga lokaci? Littafin awonsa ya buɗe, ya nemo shafinta, ya ɗora almakashi a kan yadi.

"Ba komai, Baba," in ji Auta. "Sai in sa kayan makaranta."

Ko rawa muryarta ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Yarinya ta saba.

Matarsa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta dubi rigar, ta dube shi. "Malam, awon yaushe ne wannan?"

"Lokacin da muka gyara rufin ɗaki, ina jin."

"Shekara biyu da rabi ke nan. Kana can kana auna mutanen gari, ita tana nan tana tsawo."

Tela mutum ne da kalmar a'a ba ta taɓa zama a bakinsa ba. Kowa ya kawo ɗinki ya ce na gaggawa ne, sai ya karɓa. Yana fita yara ba su tashi ba, ya dawo sun yi barci, har yana yi wa abokai alfahari cewa shi ko ciwon kai ba shi da lokacinsa. Ya san faɗin kafaɗar rabin unguwa a ka, ga shi yau ta 'yarsa ta ba shi kunya.

"Sa takalminki," ya ce. "Mu je shago."

A shago ya zaro tef daga wuyansa ya ce ta miƙe tsaye. Inci huɗu ta ƙara a tsawo, uku a hannu. Da ya ɗaga gwiwar hannunta sai ya ga tabo, dogo, ya riga ya warke.

"Wannan fa?"

"Bara ne, a filin gudu. Har ɗinki aka yi mini." Ta yi ɗan murmushi. "Amma bai kai naka kyau ba."

Ya yi dariya don kada wani abu ya fito a madadinta. Sannan ya juya rigar ciki waje, ya duba kalmasarta. Nan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Shekara ashirin da wani abu ke nan, duk rigar yaro da ya ɗinka sai ya bar yadi mai yawa a cikin kalmasa da gefe, saboda yara ba sa jiran kowa. Jiya ma, duk da kansa na wani wuri, hannunsa bai manta ba. Ragowar yadin kuma tana nan ƙarƙashin tebur, za ta fitar da sabon hannu.

"Za ta yi?" Auta ta tambaya.

"Za ta yi. Zauna can ki karanta mini jawabin, in ji."

Ya warware, ya yanka, ya hau keke. Ita kuma ta karanta, keke na ƙara tana ɗaga murya. Bai san tana da irin wannan muryar ba. Sau biyu ƙafarsa tana tsayawa da kanta don ya ji ƙarshen magana.

Tara da kwata sai ga mai kantin magani, wanda aka yi wa alkawarin riguna uku yau da safe. Suna rataye a bango, ko maɓalli ba a sa musu ba. Kwana uku Tela yana jin nauyinsu a wuya. Ya buɗe baki zai yi abin da ya saba, wato ya ce a ba shi awa ɗaya, sai ya ga Auta ta yi shiru ta naɗe takardarta.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri," ya ce. "Sai Litinin. Yau ina da taro a makarantar 'yata."

Ya jira faɗa. Mutumin ya ɗaga kafaɗa kawai.

"Litinin ma ta yi. Dama sai ƙarshen wata zan sa su."

"To me ya sa ka ce lallai sai yau?"

"Haba, Tela! Ku in ba a ce muku yau ba, ai sai baɗi." Ya yi dariya, ya yi wa Auta fatan alheri, ya tafi abinsa.

Tela ya bi shi da kallo, baki buɗe. Ashe haka ne. Ya tuna duk masu gaggawar da suka hana shi cin abinci a gida, ya rasa ko haushi zai ji ko dariya zai yi. Abin da ya ji dai shi ne sauƙi, irin wanda mutum yake ji in ya cire takalmin da ya matse shi.

Goma saura minti biyar suka shiga zauren taro, rigar da ɗumin guga a jikinta. Matarsa ta ajiye masa kujera, ko da yake daga baya ta ce ba ta yi zaton za a zauna a kai ba. Da Auta ta ɗaga hannu tana jawabi, idonsa ya tafi kai tsaye ga ɗinkin hammata, halin sana'a. Ɗinki ya riƙe. Daga nan ya bar rigar ya kalli 'yarsa, har aka gama tafi bai ɗauke ido ba.

Wata mata da ke zaune kusa da shi ta matso. "Don Allah, kun san telan da ya yi wa yarinyar nan riga? Yarana uku ne, ina so in kai masa ɗinki Asabar mai zuwa, na gaggawa ne."

Matarsa ta juyo tana kallonsa. Tela ya gyara zama.

"Na san shi," ya ce. "Amma ba ya buɗewa ran Asabar."