Wa Zai Murza Makulli

Da damina ta kankama, motar Baba Direba ta fara gardamar tashi da safe. Tsohuwa ce, tun ta zamanin da yake haya, ya kuma san halinta kamar yunwar cikinsa. Ya ɗaga bonet, ya bi wayoyin fulogi zuwa mahaɗarsu, ya ɓalle murfin distiribita. Murfin nan shi ke raba wa fulogogi wuta bi da bi, yayin da rota ke juyawa a ƙarƙashinsa. Ya tarar cikin murfin ya yi gumi, ƙarafunan sun cinye, ga wata siririyar tsaga. Ta nan danshi ke shiga, wuta ta saki hanya.

Ya goge, ya kankare, ya mayar. Saura gwaji, shi kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya ya murza makulli, ɗaya ya duba tartsatsi. A da matarsa ce mai murzawa, tana tsokanarsa: "Malam, tsakaninka da motar nan ban san wa zai riga wani gajiya ba." Bara ta rasu. Har ya leƙo zai ce "murza", sai ya ga kujerar babu kowa.

Ya kira ɗansa a waya.

"Baba, ina wurin aiki. Don Allah ka sayar da akwalar nan ka huta."

"To, Allah ya yi albarka."

Ya sake cire murfin, ya taka da shi zuwa shagon kayan gyara. Mai shagon ya jujjuya murfin. "Kai, Baba! Motocin yanzu ai ba su da wannan." Amma ya tona ƙasan wani kwali, ya zaro sabo fil. Baba ya gyara tsayuwa, ya soma ba shi labarin ranar da ruwa ya tsare shi a hanya da fasinjoji cike da mota. Bai kai rabi ba wani ya shigo neman batir, mai shagon ya juya.

A gida ya ɗaura sabon murfin, ya mayar da wayoyin, kowace a ramin da ya cire ta. Bugu ɗaya ta tashi, injin na tafiya sumul. Ya fito da ita titi, ya nufi tsohuwar tasharsu. Ya zagaya a hankali yana duban fuskoki, bai ga wanda ya sani ba. Wani ɗan kamasho ya buga masa ƙofa: "Baba, matsa, ka tare hanya."

Ya matsa. Ruwa ya fara sauka, ya kunna waifa, ya kama hanyar gida.