Akuyar Bakin Danga

Salamatu ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidan matasa, ta gyara mayafi, ta shiga layi tana sunkuyar da kai. Ita kaɗai ce babba da ba ta riƙe da hannun yaro. Mai tsaron ƙofa ya leƙa bayanta, ya sake leƙawa.

"Madam, ina yaran? Fim ɗin yara ne fa."

"Aiko ni aka yi," ta ce, ta wuce.

Ba ƙarya ta yi ba. Yaya Delu, yayar mijinta Mamman, ita ta aiko ta. Da sassafe Delu ta iso Damagaram daga Gaffati don a duba mata ido a asibiti, ta taho da Rahama. Rahama kuwa 'yar farin Salamatu ce. Ranar da aka yaye ta aka goya wa Delu ita, domin Allah bai ba Delu haihuwa ba, kuma kowa ya san uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane. Yau yarinyar har ta isa ɗaukar tulu, amma bakin Salamatu bai taɓa kiran sunanta ba. "'Yar Gaffati" take cewa, tana kallon wani gefe. Yarinyar tana ce mata Tanti, Delu kuma Inna.

Duk hutun makaranta in aka kawo Rahama, sai ta zauna da ƙannenta gaban tele suna kallon Ɗan Rairai, wani ɗan raƙumin zane mai ɓarna da ke zaune gidan wata akuya. Salamatu takan zauna bayansu da faifan shinkafa, hannu na tsinta, ido na kan ƙeyar yarinyar. A duk faɗin unguwar Zango babu shinkafar da ta kai ta gidan Mamman tsabta lokacin hutu.

Yanzu an mai da Ɗan Rairai dogon fim, an sa masa muryoyin Hausa, ana nunawa da hantsi da kuma bayan azahar. Rahama ta ga tallarsa a jikin bango tun daga tasha, ta hana kowa sakat. Delu dai ta kafe.

"Na tele na san shi, kafin shayi ya tafasa ya ƙare. Wannan da aka ja shi kamar igiyar guga, da me suka cika shi? An ce rawa suke cusawa da waƙar soyayya. Je ki gano mini da idonki. In babu komai, ki kai ta na yamma."

Ki kai ta. Tun da Salamatu ta ji wannan zuciyarta ba ta zauna ba. An gaya mata kashe fitila ake yi a zauren. A cikin duhu babu mai ganin uwa kusa da 'yar fari, babu mai cewa ba ta da kunya. Abin da take so ke nan, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da 'yarta, ko sau ɗaya.

Aka kashe fitilu, yara suka yi ihu. Ga Ɗan Rairai nan ya cika bango, yana tuntsurar da ƙwaryar nono kamar yadda ya saba. Salamatu ta buɗe ido tana neman rawa, ba ta gani ba. Sai ga wani ayarin raƙuma ya ratsa ta ƙofar gidan akuyar. Ɗan Rairai ya dubi dogayen wuyansu, ya dubi nasa, ya juya ya dubi akuya.

A tele, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ya kawo raƙumi gidan akuya. Masu fim kuwa, da suka rasa abin cika lokaci, sai suka tambaya.

Ɗan Rairai ya shiga hamada neman wadda ta haife shi. Ya sha ƙishi, ya tsere wa kura, daga ƙarshe ya tarar da wata taguwa, macen raƙumi, a bakin rijiya. Ta shinshina shi, ta ɗora wuyanta a kan nasa. Salamatu ta cusa bakin mayafi a baki. Wata yarinya da ke kusa da ita ta taɓa ta, ta ce, "Baba, zane ne fa."

Da ta koma gida ta tarar da Delu a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, ta rufe ido da ɗankwali. An ɗiga mata magani, an ce kada ta kalli haske sai gobe. Rahama na gefenta tana ɓare mata gyaɗa, tana zuba mata a tafin hannu. Delu ta tura yarinyar ta ɗebo ruwa.

"To, 'yar aike. Akwai rawa?"

"Babu, Yaya."

"Tsiraici fa?"

"Raƙuma ne, Yaya."

Delu ta yi dariya har ɗankwalin ya zame. "Ashe lafiya lau. Me ya shaƙe miki murya?"

Da Salamatu ta ce mura ce, da an wuce wurin. Ta dubi gyaɗar da ke hannun Delu, ta ji ba za ta iya ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta ba da labarin tun daga ayari har rijiya, idonta a ƙasa.

Delu ta daina tauna.

"Akuyar fa?" ta ce a hankali. "Me ya same ta?"

Salamatu ta koma kan fim ɗin a ranta. Ta tuna launin rijiyar, ta tuna gashin idon taguwar ɗaya bayan ɗaya. Akuyar kuwa ta ɓace mata ƙaf. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Ban lura ba, Yaya."

"Ai na sani." Delu ta gyara ɗankwalinta. "Tashi ki kai ta, kada a fara. Ni ko na je ba gani zan yi ba. Amma wannan karon ki duba mini akuyar. Kuma motar Gaffati ba ta jiran magariba."

Zauren ya fi na hantsi cika. Suka matsu a kan benci ɗaya, kafaɗar Rahama ta jingina da hannun Salamatu, tana ƙamshin man gyaɗa da hayaƙin kara. Da fitilu suka mutu, Salamatu ta ƙara karkata wajenta. Ta so ta yi ta kallon fuskar yarinyar a hasken bango, amma an aiko ta, don haka ta nemi akuyar.

Ta gan ta. Ita ce ta ɗaura wa Ɗan Rairai salkar ruwa. Ita ce ta raka shi bakin danga, ta tsaya, tana ƙara ƙanƙancewa yayin da yake nisa. Daga nan masu fim ba su sake komawa kanta ba.

Da kura ta fito, Rahama ta zabura, ta damƙe hannun Salamatu da hannu biyu. Salamatu ba ta motsa ba, kada hannun ya tuna ya janye. Har aka zo rijiya, taguwa ta ɗora wuyanta, yara suka hau tafi. Rahama ba ta tafa ba. Ta matso da bakinta kusa da kunnen Salamatu.

"Tanti, zai koma wajen Innarsa ko? Ita kaɗai ya bari fa."

Salamatu ta san fim ɗin a nan zai ƙare. Ta ƙara matse 'yan yatsun da ke cikin nata.

"Zai koma, Rahama," ta ce. "Kafin magariba."