Faɗuwar Madala Zefanias

Wata igiyar ruwan ta sake tasowa, ta ɗaga allon hawan igiyar ruwan da Zefanias ke kwance rub da ciki a kansa, ta sauke shi a hankali, ta wuce abinta zuwa gaɓa babu kowa a bayanta. Kyakkyawa ce, doguwa, mai santsi kamar an yi mata guga. Samarin da ke zaune a kan allunansu hagu da dama suka raka ta da ido har ta mutu a kan yashi. Wani ya yi ajiyar zuciya da ƙarfi, na kusa da shi ya zungure shi da ƙafa.

"Me kuke jira?" in ji Zefanias. "Ku hau mana. Ni na riƙe ku?"

"Sai ka fara, Madala," suka ce.

Madala, wato tsoho, shi ne sunan da ake kiransa da shi a ƙauyen tun da furfura ta cinye masa kai, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba sai yau. Dokar masu hawan igiyar ruwa a ko'ina ita ce, wanda ya fi kusa da inda igiyar ke fara karyewa, tasa ce. Yaran nan sun san dokar sarai. Amma iyayensu sun riga sun ɗora su a kan wata dokar da ta girme ta: ba a sa hannu a kwano kafin babba ya sa. Ba a taɓa samun babba a cikin ruwan nan ba sai yau, don haka ba su san yadda za su yi da shi ba. Sai suka ɗauki tekun a matsayin kwano, suka naɗe hannu suna jiran tsoho ya ɗebi lomar farko.

Shi kuwa tsoho tsoro yake ji, kuma da ya faɗi haka gara teku ta haɗiye shi.

Bakinsa ne ya jawo masa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Gildo ya same shi a ƙarƙashin bishiyar yazawa yana ɗinkin koma, ya durƙusa, ya roƙi izinin danginsa su zo ranar Asabar neman auren Ercilia, 'yar autar Zefanias. Gildo yaro ne mai ladabi, ba shi da abin kushewa sai sana'arsa. Wata rumfar ganyen kwakwa gare shi a bakin teku inda yake jingine alluna, yana koya wa baƙin da ke gangarowa daga Inhambane da Maputo yadda ake tsayuwa a kan ruwa. A wurin Zefanias, wanda ya tsufa yana kamun kifi, mutumin da zai shiga teku ya fito hannu rabbana yana dariya, ba aiki ya je ba.

Da su biyu ne kawai, da ya yi gunaguninsa ya amince. Amma abokansa masunta suna zaune, kunnuwa a buɗe, sai bakin ya ƙwace masa. Ya ce hawan katako wasan yara ne, ko shi da tsufansa zai iya. A kawo masa allon, a ba shi igiya ɗaya. In ya tsaya a kai har ya taka yashi da ƙafarsa, to wasa ne, kuma ba zai ba ɗan wasa 'yarsa ba. In ya faɗi, ya yarda sana'a ce, dangi su zo.

Matarsa Hortensia ta ji labarin a kasuwa kafin ya iso gida. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ajiye masa tuwon masara da miyar ganyen rogo, ta ce ya ci da kyau, don ruwan gishiri ba ya zama a cikin da babu komai.

Bakin tekun nasu wuri ne da ko da rana tsaka ba ka ganin kowa sai ƙaguwa da inuwar kwakwa. Yau kuwa da Zefanias ya ɗaga kai sai ya hango ƙauyen gaba ɗaya a jere. Masunta sun fasa fita. Mata sun ajiye kwandunan kifi. Ga Hortensia can a tsakiya da jan zaninta, hannu a ƙugu.

"Baba, rana tana yi," in ji Ercilia. Tana zaune a kan nata allon kusa da shi, don ita ma gwanar hawa ce, abin da Zefanias ya daɗe yana yi kamar bai sani ba. "In iskar tudu ta juya, ruwan zai lalace. Ko mu aika a kawo maka kujera?"

"Rufe min baki. Nazarin ruwan nake yi."

"Tun ɗazu? Ai ya isa ka haddace shi."

Samari suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Gildo ne kaɗai bai yi ba. Shi ba ya kan allo, yana cikin ruwa a bayan tsohon, hannunsa ɗaya riƙe da wutsiyar allon, idonsa a kan teku. Allon da ya zaɓa masa babba ne mai faɗi, mai laushi, wanda yake bai wa masu ƙiba. Da safe a kan yashi ya nuna masa yadda zai dafa hannuwa ya miƙe, ya sa shi ya maimaita har gwiwoyinsa suka fara ƙara. Zefanias ya lura yaron bai rage masa komai ba a koyarwar, kuma abin ya dame shi.

Dariyar ta ci masa rai. Ya hango wata ƙatuwar igiya tana tahowa, baƙa, ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce a ransa, koma me zai faru ya faru. Ya shiga tuƙa ruwa da hannuwa biyu iya ƙarfinsa, amma allon bai motsa ba. Gildo ya riƙe shi gam.

"Ba wannan ba, Madala."

"Sake ni, yaro."

"Ba wannan ba. Duba ta."

Igiyar ta wuce ƙarƙashinsu, ta isa kan tudun yashin da ke ɓoye a cikin ruwa, ta miƙe tsaye, sannan ta rufto gaba ɗayanta a lokaci guda da ƙara kamar rushewar katanga. Farar kumfa ta tashi sama. Duk wanda ke kanta da ya ci yashi har ya ƙoshi.

Zefanias ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya waiwayo.

"Kai wawa ne?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Da ka bar ni, da yanzu uwarka na can tana goge kwakwar shinkafar biki."

"Na sani."

"To?"

"Ban taɓa tura ɗalibi cikin irin wannan ba, Madala. Ba da kai zan fara ba." Ya share ruwa daga fuskarsa. "Yashin ya matsa tun iskar da aka yi watan jiya. Manya suna rufewa a nan yanzu. Matsakaiciya muke so, wadda ta ɗan karkato daga kudu. Ita za ta buɗe maka hanya ta dama."

Zefanias ya sake duban ruwan. Ya san yashin ya matsa, don shi ma ya canza inda yake shigo da kwalekwalensa. Bai dai taɓa tsammanin akwai wani a ƙauyen, ban da shi da wasu tsofaffi biyu, da ya lura ba. Ya ji kunya, kuma kunyar ta fi tsoron nauyi.

"Ga ta nan," in ji Gildo. "Kada ka kalli ƙafarka. Kalli bishiyar kwakwar nan mai lanƙwasa. Tuƙa. Tuƙa, Madala."

Ya tuƙa. Ya ji yaron ya ingiza allon daga baya, sannan wani abu mai ƙarfin da ya fi na yaron ya karɓe shi. Hancin allon ya sunkuya, ruwa ya fara gudu a ƙarƙashinsa. Ya dafa, ya jawo ƙafa, gwiwar hagu ta yi ƙararta, sai kawai ya gan shi a tsaye.

Abin mamakin shi ne, ƙafafunsa sun san aikin. Ƙafafun da suka tsufa suna tsaye a bakin kwalekwale ana jan koma cikin iska ba su nemi shawararsa ba. Suka lanƙwashe, suka raba nauyi, allon ya miƙe ta dama kamar yadda Gildo ya faɗa. Igiyar tana buɗewa a gabansa, kore shar, tana karyewa a bayansa, shi kuma yana tsakiya yana tafiya ba filafili, ba inji, ba kifin da zai yi tunanin ko ya ruɓe kafin kasuwa. Duk rayuwarsa faɗa yake yi da ruwan bakin gaɓar nan, ya shiga da ƙyar, ya fito da ƙyar. Bai taɓa sanin yana iya goya mutum ba. Daɗi ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro, har ya ji wata dariya tana fita daga bakinsa ba da izininsa ba.

Gaɓa ta yi tsit. Daga bayansa kuma ya ji murya ɗaya, siririya, tana ƙaraji.

"Tafi, Baba! Lanƙwasa gwiwa! Tafi!"

Ercilia ce. 'Yar da aurenta ke rushewa da kowane taku na ruwan nan, ita ce ke ba shi ƙarfi, don ta manta da komai sai ubanta a kan igiya.

Yashi ya matso. Yana iya ganin fuskokin abokansa, bakuna a buɗe, sun fara shirin ɗaga shi sama. Yana iya ganin Hortensia, wadda ta sauke hannu daga ƙugu ta ɗora a ka. Igiyar ta zama kumfa, allon yana tafiya sumul, ko jariri ba zai faɗo daga kansa ba. Saura kaɗan ya sauke ƙafa ya taka ƙasa, ya zama mutumin da za a riƙa ba da labarinsa a ƙarƙashin yazawa har bayan ransa. Ya so hakan ƙwarai, ba zai yi wa kansa ƙarya ba.

Sai ya watsa hannuwa sama, ya yi tangal-tangal hagu, ya yi dama, ya saki wata 'yar ƙara, ya faɗa ruwa ta baya, ƙafafu a sama.

Ruwan ko ƙugunsa bai kai ba. Ya taso yana tari, yashi a gemu, ganyen teku a kunne. Ƙauyen ya fashe da dariya, masunta har da riƙe ciki. A can cikin ruwa kuwa, da samari suka ga babba ya ɗebi lomarsa, sai suka afka wa igiyoyin kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

"Saura ƙiris, Madala," in ji wani abokinsa yana share hawaye. "Da tsawon hannu kawai."

"Katakon yana da santsi," in ji Zefanias. Ya tofar da ruwan gishiri, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Na faɗi. Abin ba wasa ba ne, sana'a ce. A gaya wa dangin yaron su zo ranar Asabar."

Mata suka rangaɗa guɗa. Ercilia ta iso a kan wata igiyar, ta yi tsalle daga allo, ta rungume shi har suka kusa komawa ruwa tare. Ya ture ta yana cewa ta jiƙa shi, shi da ruwa ke zuba daga ko'ina a jikinsa.

Hortensia ta jira har hayaniyar ta koma kan Gildo, wanda abokansa suka ɗaga sama. Sannan ta ware ƙaramin zanin da ke kafaɗarta ta shiga goge masa kai, da ɗan ƙarfin da ya wuce buƙata.

"Sannu, tsoho."

"Yauwa."

"Ka ji ciwo?"

"Gwiwa ce kawai."

"Allah ya sawwaƙe." Ta cire masa ganyen daga kunne, ta rage murya. "Na ga mutane da yawa sun faɗa ruwa a bakin tekun nan. Kai ne na farko da na ga ya toshe hancinsa tukuna."

Zefanias ya kalli teku. "Idonki ya fara lalacewa."

"Ya fara," ta ce, ta ci gaba da goge shi. "Shi ya sa ban ga komai ba."

Da taro ya watse, Gildo ya zo wucewa da babban allon a ka zai mai da shi rumfa. Ya tsaya a gaban tsohon. Shi da ke baya ya ga komai, kuma idonsa ya nuna ya gani. Zefanias ya haɗe fuska don kada yaron ya kuskura ya yi godiya.

"Iskar tudun nan," ya ce, "gobe ma za ta busa da sassafe?"

"Za ta busa, Madala."

"To, ka same ni a nan kafin mutane su tashi. Kai kaɗai, ban da 'yan rakiyar nan masu jiran in fara." Ya miƙa hannu ya kakkaɓe yashi daga gefen allon. "Ka taho da wannan ɗin. Mutumin da ya faɗi ai yana buƙatar ƙarin darasi."