Tayoyi Huɗu Daga Siton Gero

Da ƙafa Ummaru ya turo tayar farko, ta gangaro ta bugi bencin rumfata ta kwanta. Sauran ukun suna bayan bas ɗinsa, kowace a naɗe da leda.

"Injiniya, tashi ka ga abin da ba ka taɓa gani ba ga motata," in ji shi, baki har kunne. "Sababbi fil! Huɗu!"

Ni ne Injiniyan, ko da yake faci kawai nake yi, sunana Sabitu. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Ummaru a Dutsin-Ma, rumfar facina kuma tana bakin titi dab da ƙofarsa. Direba ne, yana jan ƙaramar bas zuwa Kurfi, wani lokaci har Katsina. Tun da na san shi bai taɓa sayen sabuwar taya ba, kullum gwanjo. Akwai wata tayarsa ta baya da nake tsokanarsa cewa facin da ke jikinta ya fi tayar yawa. Ni na matsa masa ya shiga adashin tasha, muka shirya in ya ɗauka ya tafi Katsina ya sayo sababbi guda biyu, a sa a gaba.

"Biyu muka ce. Ina ka samo huɗu?"

"Alhaji Mutawakkil mana. Ya ji ana maganar a masallaci, ya ce mi zai kai ni Katsina ga kaya a gida? Ya buɗe sito, ya ce in ba da abin da ke hannuna in kwashe duka. Kuɗin biyu, Injiniya! Wallahi har ƙwalla na yi."

Alhaji Mutawakkil ɗan kasuwar hatsi ne, shi ne babban unguwarmu. Dukiyarsa gaba ɗaya a kan dabara guda ta tsaya: ka saya lokacin araha, ka kulle, ka jira. Da gero ya yi, da dawa ya yi, da kwanon rufi ya yi, bai taɓa faɗuwa ba. Waɗannan tayoyin ya saye su ne lokacin yana da tasa bas ɗin, ya sayar da motar, ya jingine su a kusurwar sito yana kallon farashinsu yana hawa.

Na yage ledar. Zanen bayanta cif, ƙananan gashin nan na roba ko ɗaya bai karye ba. Amma babu ƙamshin sabuwar taya, sai warin maganin ƙwari da ake fesa wa hatsi. Na danna farce a gefenta, ta ƙi lotsawa. Na juya ta na nemi lambar.

Wani direban tanka ya nuna mini ita shekarun baya. A gefen kowace taya, a ƙarshen wani layin rubutu, akwai lambobi huɗu a cikin ɗan da'ira. Biyun farko satin da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. Ta Ummaru 1416 ce. Na duba sauran ukun, duk haihuwarsu ɗaya.

"Malam Ummaru, tayoyin nan shekararsu takwas."

"Takwas ina? Ko ƙasa ba su taɓa takawa ba."

"Ba tafiya kaɗai ke cin taya ba. Roba bushewa take tana ajiye. Shekara takwas ƙarƙashin kwano, cikin zafin garin nan. Daga waje amarya, ciki tsohuwa. Ka mai da mashi, ka amshi kuɗinka, mu tafi Katsina."

Fuskarsa ta canza. Ya kalle ni kamar na zagi uwarsa.

"In mai da ma Alhaji? In ce mashi mi? Alherinka ya ruɓe?"

Muna cikin haka sai ga Alhajin da kansa, da carbi a hannu, ya zo ya ga alherinsa a jikin mota. Muka gaishe shi. Ummaru, don ya rufe min baki, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ka ji Injiniya, wai sun tsufa."

Alhaji bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi min sauƙi. Murmushi ya yi, ya dafa kafaɗata.

"Sabitu ɗana, ni nan na ajiye gero shekara uku bai yi komi ba, gero da ƙwaro ke ci. Roba mi za ta yi? Ruwa bai taɓa su ba, ɓera bai taɓa su ba. Ku yaran yanzu komi sai kun sa mashi ranar mutuwa, don a yi ta sayen sabo."

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya. Har yau na san gaskiyarsa ya faɗa, bai yi nufin cutar kowa ba. Na buɗe baki zan sake magana, sai na tuna filin da rumfata take a kai nasa ne, kuma tun ranar da na kafa ta bai taɓa tambayata ko sisi ba. Na ce, "Haka ne, Alhaji, Allah shi ƙara girma."

Na ɗauko jak. Da hannuna na ɗaura su, huɗun duka, na ba su iska, na ɗaure notuna. Abin da na iya kawai shi ne da Alhaji ya tafi na ja Ummaru gefe na ce kada ya cika lodi, kada ya yi gudu da tsakar rana. Ya ce to, yana shafa tayar gaba da gefen rigarsa.

Kwana goma sha tara ya yi yana jin daɗinsu. Kullum da safe sai ya wanke su da sabulu kafin ya wanke motar. A tasha ya hana masu tallan rake jingina da su. Matarsa Larai ta gaya wa matata cewa rabonta da ganinsa cikin irin wannan farin ciki tun haihuwar Hafiza, 'yarsu ta fari. Ni kuwa duk yamma in na ji ƙarar motarsa ta shigo layi sai in ce alhamdulillahi, in ce wa kaina wataƙila ni ne mai ƙaramin sani.

Rana ta ashirin ya tafi Barkiya ɗauko wa Alhaji gero. Ba a sa shi ba, shi ya nema, ya kuma rantse ba zai karɓi kuɗin mota ba. Bazara ce, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ya yi lodi har sama, ya ɗauki fasinja biyu a gaba, ya hau titi bayan azahar. Ya wuce Kurfi kaɗan tayar gaba ta dama ta fashe. Fasinjojin sun fita da karaya. Shi sitiyari ya danne masa ƙirji.

Na je wurin kafin in je asibiti, ban san dalili ba. Gero a warwatse a kan titi, awaki suna ci. Tayar ba ƙusa ta taka ba. Bayanta ne ya saɓule gaba ɗaya ya bar wayoyi a tsaye, zanen nan nasa cif a gefen hanya.

Ya kwana biyu a asibiti. Rana ta biyu da hantsi Larai ta fita nemo ruwan zafi, ya yafito ni da yatsa. Maganarsa a hankali take fita, sai na sunkuya.

"Injiniya, wacce ce?"

"Ta gaba. Ta dama."

Ya lumshe ido. Na ɗauka zai ce na faɗa masa, ko ya ce don me na ɗaura. Na ma fi son ya zage ni.

"Kada ka faɗi ma Alhaji," ya ce. "Ka ce rami na faɗa. Mutumin nan alheri ya yi mani. Kuma geronshi, an kwashe?"

Na ce an kwashe. Kafin la'asar ya cika.

Zaman makoki a ƙofar gidansa aka yi, tabarmi har cikin rumfata. Alhaji Mutawakkil ya sayi likkafani, ya aiko da buhun shinkafa, ya ce geron da ya zube ya yafe duniya da lahira. Ya yi kuka na gaskiya, na gani da idona. Duk wanda ya zauna sai ya ce, "Allah Sarki, ko wata bai yi ba da sa sababbin tayoyi. In kwana ya ƙare ai babu dabara." Wani ya ce hanyar ce ta lalace, wani ya ce baki ne, mutane sun sa wa motar ido. Na yarda kwana yana ƙarewa, ni ma musulmi ne. Amma na zauna a nan kwana uku ina amsa "haka ne" har na tsani muryata. Babu wanda ya tambaye ni, kuma ni kaɗai ne a wurin na san karanta lambobi huɗun nan.

Bayan sadakar bakwai, da safe, Bilya ƙanen Ummaru ya zo da tayoyi uku a kan baro. Motar ta tafi wurin masu sayen ƙarfe, su kaɗai aka cire da sauran amfani.

"Alhaji ya ce a kawo maka ka sai da, a ba marayu. Akwai wani Khalil ɗan tasha da ke so, zai zo anjima. Ka ga ai sababbi ne."

Na san Khalil. Yaran makaranta yake ɗauka.

"Ka ce mashi an saye," na ce. "Ni na saye."

Na shiga gida na kwaso abin da nake tarawa don gyaran injin iska, na ba shi. Ya tafi yana sa min albarka, yana mamakin mai faci da ba shi da ko keke. Na wasa wuƙar yankan roba, na kwantar da ta farko a ƙasa, na soka a gefe. Robar ba ta yi gardama ba. Tsagewa take yi tana marmashi a kan yatsuna.

"Baban Muslim."

Larai ce, da sunan ɗana take kirana. Tana cikin takaba, ba ta fito ba, ta tsaya a bayan labulen zaurensu, ƙafafunta kawai nake gani.

"Sababbin tayoyi kake yankawa?"

"Ba sababbi ba ne, Larai. Sun tsufa tun suna sito. Tsufan ne ya fasa waccan."

Wani babur ya wuce.

"Ya ce mani rami ya faɗa."

"Babu rami wurin."

"Ranar da ka ɗaura mashi, ka sani?"

Akwai amsoshi da yawa a bakina, kuma duk gaskiya ne. Na gaya masa. Ya ƙi ji. Alhaji yana tsaye. Na kalli ƙafafun nan biyu a ƙasan labule, na kasa ɗaukar ko ɗaya.

"Na sani."

Ban ji kuka ba. Ƙafafun suka ɗan tsaya, sannan suka juya. Ƙofar zauren ta rufu a hankali, na ji ta zura sakata, da rana tsaka.

Na zauna da wuƙa a hannu. Saura biyu a jingine da benci, baƙaƙe, zanensu cif, rana tana haska su.